Yadda ake zagaya fadamar Doñana da ƙauyukan da ke gefenta a kudancin Sifaniya

A kudu maso yammacin Sifaniya, cikin yankin Andalus, daidai inda kogin Guadalquivir yake faɗawa tekun Atlantika, akwai wata makekiyar fadama mai suna Doñana, ana furta ta Donyana. An mai da ita gandun ƙasa a 1969, UNESCO ta sa ta cikin wuraren gado na duniya a 1994, faɗin gandun kuwa ya haura hekta 54,000. Nan tsuntsayen da ke gudun sanyin arewacin Turai suke yada zango. Wasu su yi hunturu a wurin, wasu su tsallake Sahara zuwa fadamun Afirka ta Yamma irin na Haɗeja da Nguru. Ga mai karatu ko sana'a a Turai, ko wanda ya sami bizar Schengen ta shiga ƙasashen Turai, kwana uku sun isa a ga abin kirki, in dai an tsara tafiyar a kan ruwa.

Mataki na farko: zaɓi lokaci

Nan ne tafiyar take gyaruwa ko ta ɓaci. Ruwan sama ke cika fadamar, yakan fara sauka wajen Oktoba da Nuwamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu agwagin ruwa da dinya sukan cika wurin. Daga Maris zuwa Mayu kuma lokacin sheƙa ne, zalɓe da balbela da sauransu suna ƙyanƙyasa, gari ba zafi ba sanyi. Wanda ya je a Yuli ko Agusta busasshen taɓo zai tarar, ya tsattsage, ga rana da takan kai maki 40.

Ko a watan da ya dace, sai ka bincika ko an yi ruwa a shekarar. Doñana tana fama da ƙishirwa. Rijiyoyin burtsatse na gonakin sitiroberi, da yawansu ba bisa ƙa'ida aka haƙa ba, da buƙatar garin shaƙatawa na Matalascañas, sun janye ruwan ƙarƙashin ƙasa, fari kuma ya ƙara. A 2021 kotun Tarayyar Turai ta sami Sifaniya da laifin sakaci a kan wannan, a 2022 da 2023 kuma Santa Olalla, tafki mafi girma cikin waɗanda aka saba gani da ruwa duk shekara, ya ƙafe ƙaƙaf. Abin takaici ne ƙwarai. Saboda haka kafin ka sayi tikiti, tambayi masu masauki kai tsaye: akwai ruwa a fadamar yanzu?

Mataki na biyu: kama masauki a El Rocío

Daga birnin Sevilla tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, ta hanyar A-49 sannan a karya kudu ta Almonte. Akwai bas daga tashar Plaza de Armas, amma motar haya ta fi, don wuraren a warwatse suke. El Rocío ƙauye ne da ba a yi wa titunansa kwalta ba. Rairayi ne zalla, a ƙofar gidaje kuma an kafa itatuwan ɗaure dawaki, har gaban gidajen abinci. Ka tuƙa a hankali, ka bi sawun tayar wasu, don ƙaramar mota tana kafewa.

Ka duba kalanda. A watan Mayu ko Yuni, lokacin idin Fentikos na Kiristoci, ɗaruruwan dubban masu ziyara sukan cika ƙauyen da dawaki da kekunan shanu, kuɗin ɗaki ya yi tashin gwauron zabi. In tsuntsaye ka zo gani, kauce wa makon nan. In kuwa kai mai son doki ne, ranar 26 ga Yuni makiyayan Almonte suke koro goɗiyoyi da 'ya'yansu daga fadama, su ratsa ta gaban cocin ƙauyen da su.

Mataki na uku: fara da abin da ba a biya

Da asuba ka fita bakin ruwan da ke gaban cocin. Akwai hanyar ƙafa da ta bi gefensa. In shekarar ta yi kyau za ka ga filamingo, dogayen tsuntsayen nan masu launin ruwan hoda, sun dulmiya kai cikin ruwa suna tace abinci, dawaki kuma suna kiwo ruwa iya gwiwa, balbela na biye da su. Riƙe madubin hangen nesa, ko na aro ne. Idan babu shi rabin tafiyar ya tafi a banza.

Daga nan sai La Rocina, kimanin kilomita ɗaya daga ƙauyen, da El Acebuche kusa da bakin teku. Dukansu suna da hanyoyin katako da rumfunan laɓewa masu 'yan tagogi. Shiga ɗaya ka zauna, ka yi shiru na rabin awa. Masu gaggawa kan leƙa su wuce su ce ba komai.

Mataki na huɗu: shiga tsakiyar gandun

Ba a barin kowa ya shiga da motarsa. Sai da manyan motocin jeji na masu izini, zagayen yakan ɗauki kamar awa huɗu, kuma sai ka kama gurbi tun da wuri. Hanyar kudu tana tashi daga El Acebuche, ta bi gaɓar teku, ta hau jigayin da iska ke turawa a hankali har suna binne bishiyoyi. A ɗaya daga cikinsu, Cerro de los Ánsares, dinya kan sauka da sassafe a hunturu su haɗiyi rairayi, don ya taya su niƙa saiwar wata ciyawa dangin aya da suke tonowa a fadama. Hanyar arewa daga El Rocío take tashi, ita ce ta fi ba da damar ganin kyanwar dajin Iberiya mai tukku a kunne. A 2002 waɗanda suka rage a duniya ba su kai 100 ba. Kiwo da kariya sun sa yanzu sun haura 2,000. Kada ka sa rai da yawa, dabba ce mai ɓuya. Mota kuma na cikin abin da ya fi kashe ta, don haka ka mutunta alamun rage gudu.

Mataki na biyar: gonakin shinkafa

Ware yini guda don gabashin fadamar. Isla Mayor gari ne na manoman shinkafa, kuma idan gandun ya bushe tsuntsaye nan suke komawa. A Dehesa de Abajo, kusa da La Puebla del Río, wasu fararen dangin shamuwa masu jan baki sun cika bishiyoyin zaitun na daji da sheƙuna. Cibiyar baƙi ta José Antonio Valverde, mai sunan masanin da ya yi fafutukar kafa gandun, tana can ciki a kan doguwar hanyar ƙasa, sai ka cika tanki ka ɗauki ruwan sha. Shafa maganin sauro, musamman da yamma. An sami ɓullar zazzaɓin West Nile, wanda sauro ke yaɗawa, a garuruwan nan a 2020 da 2024.

Mataki na shida: bi agogon mutanen gari

Kantuna kan rufe daga ƙarfe biyu zuwa biyar, abincin dare ba ya fara fita sai wajen tara. Naman alade da kitsensa suna shiga girki da yawa, giya ma haka, saboda haka Musulmi ya riƙe kalmomin “sin cerdo” (ba alade) da “sin alcohol” (ba giya), ya fi karkata ga kifi da jatan lande. Ka gai da mutane kafin ka yi tambaya, don a ƙauye ba kowa ke jin Turanci ba.

A hanyar dawowa ka ratse Niebla, a bakin kogin Tinto. Jar ganuwarta ta zamanin mulkin Musulmi, mai tsawon kusan kilomita 2, tana nan tsaye. Garin ya faɗa hannun Sarki Alfonso na 10 a 1262. Sanlúcar de Barrameda kuwa, inda jirgin ruwa ke ɗaukar masu ziyara zuwa gandun, a taswira kamar kusa take, amma babu gada a bakin kogin Guadalquivir. Sai an zagaya ta Sevilla, don haka ka ba ta nata yinin daban.