Yini guda a Kancanaburi: abin da sabon zuwa Bankok ya kamata ya sani kafin ya biya kuɗin mota

Wanda ya sauka Bankok, ko fatauci ya kawo shi ko karatu ko jinya, ba zai yi mako biyu ba sai ya ga tallar tafiyar yini guda zuwa Kancanaburi: a teburin otal, a shagunan sayar da tikiti na unguwar Pratunam, ko a wayarsa. Hoton kusan ɗaya ne, baƙar gada ta ƙarfe, ruwa kore shar yana gangarowa daga dutse, da ƙaton gunkin Buda mai ruwan zinariya. Garin yana yamma da Bankok, tazarar kilomita 130 ko kusa da haka, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku a mota. Zuwa ne mai amfani, amma takardar talla tana jera wurare fiye da yadda yini ɗaya zai ɗauka, kuma babu ruwanta da sallarka ko abin da za ka ci. Waɗannan kai za ka shirya su tun daga gida.

Fara da sanin abin da ya faru a wurin, domin ɗan rakiya yakan taƙaita shi a minti biyar cikin ƙarar inji. A 1942 sojojin Japan suka mamaye ƙasar Bama (Myanmar ta yau), amma hanyar kai musu kaya ta teku ta zama mai haɗari. Sai suka yanke shawarar shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 415 daga Nong Pladuk a Tailan zuwa Thanbyuzayat a Bama, ta cikin kurmi da duwatsu. An fara aiki a tsakiyar 1942, aka haɗa ɓangarorin biyu a watan Oktoba na 1943. Fursunonin yaƙi kimanin 60,000 aka sa aikin, yawancinsu 'yan Birtaniya, Ostireliya da Holan, fiye da 12,000 daga cikinsu suka mutu. Leburorin Asiya da aka tilasta ko aka yaudara, Tamil da Malayawa da mutanen Jawa da na Bama, sun ninka wannan adadi, kuma ƙiyasin waɗanda suka mutu cikinsu ya kai kusan 90,000. Kwalara, atuni, zazzaɓin cizon sauro, gyambo da yunwa su suka fi kashe mutane, ga duka. Shi ya sa ake kiransa layin dogon mutuwa.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan labari. Rundunar da wannan layi yake kai wa makamai da shinkafa ita ce wadda kakanninmu suka fuskanta a yaƙin Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Sunayen barikin Dalet na Kaduna, barikin Chindit na Zariya da Burma Camp na Akara duk daga can suka samo asali. Sai dai kada ka shiga maƙabartar Kancanaburi kana neman sunan wani kakanka. Mazan jiyan Afirka ta Yamma a Bama suka faɗi, kuma a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon ake samun sunayen da yawa daga cikinsu.

Tafiyar iri biyu ce. Akwai ta haɗaka, inda ƙaramar bas ke bi otal-otal tana kwasar mutum goma zuwa goma sha biyu daga ƙarfe shida zuwa bakwai na safe, ta dawo da su wajen bakwai ko takwas na dare. Akwai ta shata, mota da direba da ɗan rakiya naku ku kaɗai. In kun kai huɗu ko biyar, ku yi karo-karo ku ɗauki shata. Bambancin kuɗin kan kowane mutum ba ya da yawa, ku ne kuma za ku ce a tsaya a yi salla. Kafin ka biya, ka sa a rubuta maka amsar abu huɗu: ko kuɗin shiga gandun Erawan, inda koren ruwan nan yake, yana ciki (bat 300, kuɗin Tailan, ake karɓa daga baligi ɗan ƙasar waje a 'yan shekarun nan), ko tikitin jirgin ƙasa yana ciki, minti nawa za a yi a kowane wuri, da kuma ko akwai tsayawa a shagon duwatsu masu daraja ko sansanin giwaye. Tafiya mai arha fiye da kima a irin waɗannan tsaye-tsaye take mayar da kuɗinta, lokacinka kuma shi ke tafiya. Ka nemi lambar lasisin kamfanin, ka duba ɗan rakiya yana rataye da katinsa. A dokar Tailan aikin rakiyar 'yan yawon buɗe ido na 'yan ƙasa ne kaɗai, saboda haka in ka daɗe ka san hanya, kada ka fara karɓar kuɗi kana kai 'yan uwa. Laifi ne da zai iya taɓa bizarka.

Babban zaɓin shi ne tsakanin Erawan da mashigin Hellfire, inda fursunoni suka sara dutse domin layin dogon ya wuce. Erawan yana kusan kilomita 65 daga garin, Hellfire kusan 80, kuma ba kan titi ɗaya suke ba. Taura biyu ba ta taunuwa: jadawalin da ya haɗa su duka da gada da jirgi da wurin ibada, zaman mota ka saya. Mai son ruwa da iyali ya ɗauki Erawan. Mai son ya fahimci yaƙin ya ɗauki Hellfire.

Yawanci maƙabartar yaƙi ta tsakiyar gari ake fara tsayawa. Kabari 6,982 ne a jere cikin ciyawa mai tsafta, kowanne da suna da shekaru, da yawa samari ne 'yan ashirin da wani abu. Shiga kyauta ne. Ba a ɗaga murya, ba a zama kan allunan. Abin lura, leburorin Asiya da suka fi kowa mutuwa ba su da irin wannan wuri. Yawancinsu a gefen layin aka binne su babu alama, kuma akwai Musulmi da yawa cikinsu. Daura da maƙabartar akwai gidan tarihin layin dogon, mai taswirori da kayan aikin da aka tono. Ya fi gidan tarihin JEATH tsari, duk da cewa na biyun ne wasu kamfanoni suka fi kai mutane. In an ba ka zaɓi, ɗauki na farko, ka ba shi minti arba'in da biyar.

Gadar kogin Kwai kanta ba ta kai girman sunanta ba, gara ka sani tun yanzu. Sassan ƙarfenta masu lanƙwasa daga Jawa Japanawa suka kwaso su. Biyun tsakiya masu kusurwa an sa su ne bayan yaƙi, a madadin waɗanda jiragen ƙawance suka farfasa a 1945. Kogin ma asalinsa Mae Klong ne. Fim ɗin 1957 mai suna The Bridge on the River Kwai ne ya sa duniya ta zo neman gada a kan kogin Kwai, sai hukuma ta sauya wa wannan reshe suna zuwa Khwae Yai. Ana takawa a kanta da ƙafa, jirgi kuma har yau yana bi. In ya yi ƙaho, ka shiga ɗaya daga cikin ƴan barandar da ke gefe. Ka riƙe hannun yaro da kyau, akwai ramuka tsakanin katakai. Minti talatin ya isa.

Jirgin shi ne daɗin tafiyar. Tsohon tarago ne mai fanka da tagogi a buɗe, bat 100 ga baƙo. Abin da ake hawa dominsa shi ne gadar katako ta Wang Pho kusa da tashar Tham Krasae, inda jirgi ke rarrafe a jikin dutse, kogi na ƙasa. In kana fuskantar Nam Tok, inda layin ya ƙare yanzu, zauna a hagu; ta dama bangon dutse kawai za ka gani. Kada ka miƙa kai ko hannu waje, dutse da rassa suna kusa ƙwarai. Jirgin yakan makara, kuma duk mintin da ya ci daga lokacin wurin gaba ake cirewa. A Tham Krasae akwai ƙaramin kogo mai gunkin Buda, mutane na kunna turare a ciki. Wanda ba ya son shiga ya tsaya a bakin layin ya kalli kogi, babu mai tambayarsa dalili.

Wurin ibada mafi shahara a jadawalin shi ne Wat Tham Suea, a kan tudu a gundumar Tha Muang, da gunki mai tsayin mita 18 da matakala fiye da 150. Akwai ɗan keken hawa ga wanda gwiwa ta gaza. Daga sama ana hango gonakin shinkafa har iyakar gani, kore a damina. Ma'anar sunan kogon damisa, shi ya sa ake rikita shi da wani wurin ibada na lardin da aka kwashe damisoshi daga cikinsa a 2016, da kuma mai irin sunansa a Krabi can kudu. Ka duba da kyau in da kanka kake sa adireshi a waya. Ladabin wurin ba mai wahala ba ne ga wanda ya saba da masallaci: a cire takalmi, a rufe kafaɗa da gwiwa, kada a miƙe ƙafa ta fuskanci gunki ko malamin addinin, kada a hau komai don hoto. Mace ba ta taɓa malamin Buda, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Babu wanda zai ce ka rusuna ko ka kunna turare. In ɗan rakiya ya miƙo maka fure, murmushi da girgiza kai sun wadatar. Wa'azi da muhawara kuma a bar su a mota.

Erawan ruwa ne mai hawa bakwai, sunan giwa mai kai uku ta tatsuniyar Hindu aka sa masa. Hawa na ɗaya zuwa na uku kowa zai iya. Daga na biyar hanya ta zama saiwoyi da tsani da dutse mai santsi, kuma zuwa na bakwai da dawowa yana cin awa biyu zuwa uku. Silifas ba ya yi, a sa takalmi mai kama ƙasa. Ana rufe gandun da ƙarfe huɗu da rabi, hawan sama kuma tun kafin nan ake tare su, don haka wanda aka kai bayan ƙarfe biyu ya haƙura da na bakwai. Ba a wuce hawa na biyu da abinci, gorar ruwa kuma sai ka ajiye kuɗin jingina, a mayar maka in ka dawo da ita. Ana sa rigar ceto kafin a shiga ruwa, akwai ta haya. 'Yan ƙasar da riga da gajeren wando suke wanka, don haka mai son suturta jiki ba zai zama bare ba. Ƙananan kifaye za su yi ta tsakurar ƙafarka, ba sa cutarwa. Birai ne abin tsoro, sukan fizge leda.

A Hellfire kuwa, gwamnatin Ostireliya ce ke kula da cibiyar, shiga kyauta. Ana sauka matakala zuwa wani rami da aka sara cikin dutse da guduma da ƙarfen huda da nakiya a 1943, fursunoni suna aiki har awa goma sha takwas. Hasken wutar da suke aiki da ita da dare, a kan ramammun mutane kamar ƙwarangwal, shi ya jawo sunan, wato wutar jahannama. Karɓi na'urar saurare a cibiyar, ka ɗauki ruwa, hawowa ya fi sauka wuya.

Sai batun ciki. Abincin rana da ke cikin kuɗin tafiya galibi na ɗibi-da-kanka ne a bakin kogi, naman alade na cikinsa, kazar ma ba yankan Musulmi ba ce. Ka faɗa wa kamfani tun ranar biya cewa halal kake so, ka sake tuna wa ɗan rakiya da safe. Riƙe kalmomi uku: "mai kin mu", ba na cin alade, "mai sai mu", kada a sa alade, "mai phet", ban da yaji. In babu tabbas, tsaya kan farar shinkafa, ƙwai, kifi da 'ya'yan itace. A shagunan 7-Eleven nemi tambarin halal mai siffar lu'ulu'u a bayan leda. Rumfar da ke da alamar wata da tauraro ta Musulmi ce, nan ake samun khao mok kai, shinkafa dafa-duka da kaza. Mafi sauƙi dai ka sayi guzuri daren jiya a layin Larabawa na unguwar Nana a Bankok.

Alƙibla ita ce ke ruɗa sabon zuwa. A gida mun saba cewa a fuskanci gabas. A Tailan Makka tana yamma, da ɗan karkata zuwa arewa. Azahar na shiga jim kaɗan bayan sha biyu na rana, daidai lokacin da ake cikin jirgi ko kan abinci. Nisan ya wuce na ƙasaru, don haka mutane da yawa sukan haɗa azahar da la'asar a wurin cin abinci ko a filin ajiye motoci na Erawan, inda akwai banɗaki da famfo. Saka ƙaramar sallaya a jaka, ka gaya wa ɗan rakiya minti goma kake buƙata. Kalmar "surau" suka sani da wurin salla. Kada ka zaɓi Juma'a in ba ka son rasa jam'i, Asabar da Lahadi kuma cunkoso ne, Talata zuwa Alhamis sun fi.

Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin sanyi-sanyi. A Maris da Afrilu zafin Kancanaburi yakan haura digiri 40, ga gumi irin wanda mutumin Sakkwato bai saba da shi ba, ruwan Erawan ma yana raguwa. Daga Yuni zuwa Oktoba damina ce, bayan ruwa mai ƙarfi koren ruwan yakan koma jan laka. Ka tafi da fasfo ɗinka, domin ana tsayar da motoci a shingayen 'yan sanda a wannan lardi na kan iyaka, baƙar fata kuma yakan sha tambaya fiye da sauran fasinjoji. Amsa a natse, ka nuna biza. Sigarin lantarki haramun ne a dokar ƙasar. Maganar gidan sarauta kada ta fito bakinka ko da wasa, hukuncinta shekara 3 zuwa 15 ne. In an sa taken ƙasa a tasha da takwas na safe ko shida na yamma, tsaya cik kamar kowa. Ɗauki hoton lambar motarku da lambar wayar ɗan rakiya, domin fararen bas ɗin duk kama ɗaya ne a filin ajiya. Lambar 'yan sandan baƙi 1155 ce, ta motar asibiti 1669.