Yadda Za Ka Saba Da Cin Sushi Ko Da Kana Ƙyamar Ɗanyen Kifi

Wanda ya tashi yana cin kifi soyayye ko banda, da wuya ya ji an ce ɗanyen kifi bai yamutsa fuska ba. Amma sushi, abincin nan na mutanen Japan, ginshiƙinsa shinkafa ce da aka dafa aka motsa da ruwan khal, sukari da gishiri, kuma ba kowane irinsa ke ɗauke da ɗanyen kifi ba. Masu cewa sun gwada bai yi musu ba, yawanci da mafi wuya suka fara.

Ka fara da wanda babu kifi a cikinsa sam. Akwai kappa maki, shinkafa da kokwamba da aka naɗe cikin nori, wato busasshiyar ciyawar teku mai kama da baƙar takarda. Akwai tamago, wainar ƙwai mai ɗan zaƙi a kan curin shinkafa, da inari, shinkafar da aka cusa cikin soyayyiyar awara. Abin da ake so a wannan mataki shi ne harshenka ya saba da shinkafa mai ɗan tsami wadda ba ta da zafi, da kuma ƙanshin nori. A ganina a nan ne rabin aikin yake.

Daga nan ka matsa zuwa dafaffen abin ruwa. Ebi jatan lande ne da aka tafasa. California roll, wanda aka ƙirƙiro a Arewacin Amurka, shinkafarsa tana waje, nori na ɓoye a ciki tare da fiya, kokwamba da dafaffen naman kifi da aka sarrafa ya yi ɗanɗanon ƙaguwa. Ka yi ta cin waɗannan har sai ka ji kana marmarinsu da kanka.

Kafin ka ci, in kai Musulmi ne ka yi tambaya. Wasu gidajen abinci suna zuba mirin, wani ruwan shinkafa mai barasa, a cikin shinkafar ko ƙwan, kuma miyar da ake shafa wa gasasshen kifin unagi da shi ake haɗa ta. Haka ma sake, wato giyar shinkafa ta Japan. Babu kunya a cewa "Don Allah akwai mirin ko sake a ciki?"

Sai ɗanyen. Ka zaɓi salmon ko jan naman tuna da ake kira akami, domin suna da laushi kuma ba su da ƙarni. Su kansu Japanawa ba su saba cin ɗanyen salmon ba sai da 'yan Norway suka dage da tallata musu nasu tun daga shekarun 1980, don haka sabo abu ne da ake koya. Ka nemi nigiri, curin shinkafa da yankan kifi a sama, irin da ya yi fice a birnin Edo, Tokyo ta yau, a shekarun 1820. Ka ɗauka da hannu, hakan daidai ne a al'adarsu, ba sai ka yi kokawa da tsinkayen da suke cin abinci da su ba. Ka juya shi ka taɓa gefen kifin kaɗan a baƙin ruwan waken suya, domin in shinkafar ce ta shiga za ta tsotse gishiri ta wargaje. Sannan ka saka shi baki gaba ɗaya, loma guda. Gutsura shi ne ke sa mutum ya tsaya yana kallon naman, zuciya ta fara tashi.

Koren abin da ke gefe wasabi ne. Barkono harshe yake ƙonawa ya daɗe, shi kuwa wannan hanci yake hawa nan take ya wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ɗan ɗigo ya isa, kuma sau da yawa mai haɗawa ya riga ya shafa a ƙarƙashin kifin. Siraran yankan citta kuma ana ci ne tsakanin wani kifi da wani don wanke baki.

Saba, kifi mai ƙarfin ƙarni, da uni, kayan cikin wata halittar teku mai ƙaya, da ika, wata halittar teku mai hannaye da yawa mai danƙo a haƙori, ka bar su sai ka ƙware.

Batun lafiya ba abin wasa ba ne. Ɗanyen kifin teku na iya ɗaukar tsutsar anisakis, shi ya sa hukumar abinci ta Amurka ta ba da shawarar a daskarar da shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na tsawon kwana 7. Kada ka gwada da tarwada ko karfasa, kifin kogi da tafki ba a cin sa ɗanye, haka ma kifin ƙanƙara na kasuwa da ya sha narkewa yana sake daskarewa. Ka je gidan da ciniki ke gudu, kuma in ka ji ƙarni tun daga ƙofa ka juya. Mai juna biyu, ƙananan yara da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su tsaya a kan dafaffen.