Yadda Ake Wanke Mota a Lokacin Hunturu Ba Tare da An Kashe Fentinta Ba

Duk mai mota a Kano ko Zariya ko Maradi ya san safiyar Disamba. Ka fito za ka tafi aiki, ka tarar motar da aka wanke jiya ta yi fari fat, har yaran unguwa sun rubuta "a wanke ni" da yatsa a gilashin baya. Sai ka zaro tsumma daga ƙarƙashin kujera, ka kaɗe, ka goge, ka shiga. Shekara uku ina yi wa baƙar Corolla tawa haka. Wata rana da tsakar rana na duba bonet, na ga zane-zane sirara sun zagaye hasken rana kamar saƙar gizo. Da na kai wa mai fenti, shafawa ɗaya ya yi ya ce, "Alhaji, rana ba ta da laifi a nan, aikin tsumma ne."

Ƙurar hunturu ba kamar garin tuwo take ba, ko da yake a hannu laushinsu ɗaya. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tun daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris, kuma a cikinta akwai ƙwayoyin yashi da suka fi fentin mota tauri. Shi kuwa ruwan ƙyallin da ake fesawa a saman launi, kaurinsa bai kai na takardar littafin rubutu ba. In ka danna busasshen tsumma a kan wannan ƙura, sanfefa ka yi wa motarka da hannunka. Saboda haka duk abin da zai biyo baya a kan ƙa'ida ɗaya yake: kada hannu ya taɓa fenti sai ruwa ya riga shi.

Fara da tanadin kaya. Bokiti uku: biyu na jikin mota, ɗaya na taya. Sabulun ruwa na wankin mota. Tsumma mai laushi irin na maikirofaiba guda uku ko huɗu, da burushi na taya. Ana samun su wajen masu kayan mota, a Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna. Tsohuwar singileti da buhun da ake yayyagawa a yi soso, a bar su a gida. Haka ma omo. Na san yana kumfa, yana da arha, kuma shi akasarin masu wanki ke zubawa, amma an yi shi ne don ya cinye maiƙon tufafi, don haka yana wanke man kariyar da ke kan fenti, ya bar robobin ƙofa da na gilashi a bushe har su fara tsagewa.

Sai lokaci. Sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, kuma ka ɗora bayan hannu a bonet ka ji ya huce. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana da gishiri-gishiri. In ya bushe a kan ƙarfe mai zafi sai ya bar fararen ɗigo waɗanda wanki na biyu ma ba ya fitarwa.

Tayoyi ake fara wankewa, da bokitinsu da burushinsu, don in ka bar su ƙarshe dattinsu zai fantsamo wa jikin da ka gama. Baƙin garin da ke maƙale a wili daga birki yake fitowa, akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki, don haka abin da ya taɓa wili ba ya hawa jikin mota har abada.

Daga nan ka jiƙa motar gaba ɗaya, daga rufi zuwa ƙasa. In da tiyo, to. In babu, ka riƙa kamfata da moɗa kana shararawa, ba tare da ka sa hannu ba, har ka ga ruwan da ke gangarowa ya daina yin ja. Nan ne masu wankin bakin titi ke yin rowa, musamman inda ake sayen jarka wajen 'yan garuwa: bokiti ɗaya za su watsa su hau da soso. In a wajensu kake wanki, gara ka ƙara kuɗin jarka biyu daga aljihunka ka tsaya a kai.

Yanzu aikin bokiti biyu. Ɗaya ruwan sabulu, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin robar, ɗaya ruwa zalla. Ka tsoma tsumma a sabulu, ka wanke rabin rufi, sannan ka dauraye shi a ruwan zalla, ka matse, kafin ya koma sabulu. Haka za ka bi gilasai, bonet, but, saman ƙofofi, sai can ƙarshe gindin ƙofofi da bamba, inda datti ya fi yawa. Ka ja hannu a miƙe, gaba da baya, ba zagaye ba, kuma kada ka danna. Nauyin jiƙaƙƙen tsumman ya isa. Bayan ƙofa biyu ka leƙa bokitin dauraya, za ka ga yashi ya kwanta a gindinsa. Da bokiti ɗaya ne, duk wannan kan fenti zai koma. In tsumma ya faɗi ƙasa, ya gama aiki a ranar, ɗauko wani.

Kashin tsuntsu ko na jemage, da 'ya'yan darbejiya da suka fashe suka bushe, ba a kankare su da farce. Ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai minti biyar, zai taso da kansa.

Ka dauraye daga sama, ka tsane da busasshen tsumma mai tsabta nan take, don iskar hunturu ba ta jira. Buɗe ƙofofi ka share bakinsu da wani tsumman daban.

In mota ta bushe sarai, sai man kariya, wanda masu wanki ke kira folish. Mai kyau a cikinsa akan yi shi da kakin ganyen wata bishiya ta Brazil mai suna kanuba. Ɗan kaɗan ake shafawa da soso mai laushi, ɓangare-ɓangare, a bari ya yi hazo, a goge da tsumma. Mutane na laftawa da yawa suna zaton ƙyalli zai ƙaru, wahalar gogewa kawai suke ƙara wa kansu. Kada ya taɓa baƙar roba, yana barin farin tabo. Sau ɗaya a wata biyu ko uku ya wadatar. Gwajin mai sauƙi ne: watsa ruwa a bonet, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, akwai sauran kariya, in ya baje ya kwanta, lokaci ya yi. Wani abu kuma, kada ka yarda a shafa wa tayarka man birki don ta yi baƙi. In ya fantsama a jiki, cin fenti yake yi.

Gilashin gaba ma yana karcewa. Kada ka kunna waifa a kan busasshiyar ƙura; ka tabbata tankin ruwanta a cike yake, ka fesa tukuna, kuma duk wanki ka ɗaga robar ka share ta.

Kafin ka rufe bonet, duba matatar iskar inji, eya-kilina a bakin bakanikai. Ɓalle maƙallan akwatin, zaro ta, bubbuga ta a hankali, ka ɗaga ta saitin rana. In haske ba ya ratsawa, canza ta. Ta takarda ce, ba a wanke ta da ruwa ko fetur. In mai faci zai hura mata iska, daga gefen mai tsabta zai hura, kuma daga ɗan nesa, kada ya huda ta. Akwai ta biyu ta na'urar sanyaya ɗaki, a Corolla da Camry tana bayan akwatin gaban fasinja, da yawa ba su ma san da ita ba sai iska ta daina fitowa. Shi kuwa injin, jiƙaƙƙen tsumma ya ishe shi. Fesa masa ruwa mai ƙarfi ne ke sa mota ta fito daga wanki tana rawa, don ruwa ya shiga koyil ko soket.

Saura tsakanin wanki da wanki. In ba ka da rumfa ko gareji kana rufa tamfol, to sai a kan mota mai tsabta, kuma a ɗaure shi tam, don iska na kaɗa shi yana gurzar ƙurar da ke ƙarƙashi. Da safe kuwa, ka sharara ruwa har ƙurar ta sauka, sannan ka tsane. In babu ruwa, wanke gilasai da madubai kawai ka tafi da ƙurarka. Ni dai na kwashe tsumman da ke ƙarƙashin kujera, na kuma ce wa mai gadinmu, "Baba, don Allah ko ka ga ta yi fari kamar an barbaɗa mata toka, ƙyale ta sai na fito."