Yadda za ka binciko salsalar gidanku tun tsofaffi suna raye

Ka fara da mai rai, intanet ta jira tukuna. Takarda tana iya zama shekara hamsin a akwati tana jiranka amma kakarka ba za ta jira ba, kuma wallahi nan ne mutane suka fi yin sakaci. Ka je wajenta da wayarka cike da caji, ka nemi izininta ka kunna rikoda ka ajiye a gefe. Kar ka ce "Kaka ba ni tarihin gidanmu", cewa za ta yi ta manta. Ƙananan tambayoyi za ka yi, wa ya riƙe ki kina yarinya, su waye 'yan uwan babanki, wa ya girmi wa, daga ina aka taso kuma me ya taso su. In akwai tsohon hoto ka miƙa mata ka yi shiru, za ka ga ta matso da shi kusa da ido ta ɗora yatsa a kan wata fuska ta kira sunan da ba ka taɓa ji ba. Nan take ka rubuta shi a bayan hoton da fensir, biro yana ɓata hoto.

Kowane suna ka haɗa shi da laƙabinsa, don a gida ɗaya sai ka samu mutum uku suna ɗaya. Kowace magana kuma ka rubuta wa ya faɗa maka da ranar, ko a wace takarda ka gani. In Baffa ya ce kaza Gwaggo ta ce ba haka ba ne, duka biyun ka ajiye, kar ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi.

Layi ɗaya za ka fara bi, don iyaye 2 ne, kakanni 4, sai 8, sai 16, kafin ka hau hawa goma sun kai 1,024. Kuma don Allah kar a bar mata a baya, sunayensu ne suka fi saurin ɓacewa.

Wajen adanawa shafin salsala na FamilySearch kyauta ne, manhajar Gramps ma haka. Ko da wanne ka yi aiki ka riƙa fitar da kwafi a tsarin GEDCOM, shi ne sauran manhajoji suke iya karantawa. Gwajin DNA kuwa, wato na ƙwayoyin halittar gado, wanda ake kira na Y layin uba kawai yake bi kuma maza ne ke da shi, wanda ake kira na mitokondiriya kuma layin uwa. Ka shirya ranka, yana iya tono abin da gida ya daɗe da rufewa.

Sai maganar tambarin garkuwa irin na Turawa, wanda ake tallata wa masu binciken salsala da sunan na gidansu ne. A Ingila hukumar College of Arms, da aka kafa a 1484, ita ke bayarwa, kuma mutum ɗaya ake ba wa magadansa su gada. Don sunanku ya zo ɗaya da na mai shi bai zama naka ba, saboda haka masu tallar "tambarin gidanku" a intanet kar ka ba su ko sisi.

In za ka tura wa dangi a guruf ɗin WhatsApp ka cire ranar haihuwa da adireshin duk wanda yake raye, muryar Kaka kuma ka kwafa ka ba mutum biyu su ajiye, waya tana iya faɗawa ruwa gobe.