Navratri a Delhi: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani tun kafin a fara

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman ku da kuka sauka Delhi da Noida da Greater Noida cikin 'yan watannin nan, ko karatu ya kawo ku ko jinya. Tsakanin ƙarshen Satumba da Oktoba garin nan zai canza muku kama, kuma ranar ba ɗaya ba ce duk shekara saboda da wata mabiya addinin Hindu na nan Indiya suke lissafin bikinsu, don haka ku tambayi ɗan ajinku ko mai gidan haya yaushe Navratri ta bana za ta kama. Ma'anar kalmar dare tara. Biki ne na Durga, abar bautarsu mace da za ku ga hotonta ko'ina da hannuwa takwas ko goma a kan zaki ko damisa, a labarinsu ta yi kwana tara tana yaƙi da wani mugun aljani mai siffar ɓauna, Mahishasura, ta kashe shi rana ta goma. Ranar goman ita ce Dussehra, ranar hutu ce, banki da ofisoshin gwamnati a rufe, in kana da maganar biza ko rajistar FRRO, ofishin rajistar baƙi 'yan ƙasar waje, ka gama da ita tun da wuri.

Abin da ya fi shafar mu kai tsaye dai nama ne. Da yawansu azumi suke irin nasu a kwanakin, ba nama ba ƙwai, har albasa da tafarnuwa suke ajiyewa, sai dankali da 'ya'yan itace da sabudana, wasu 'yan ƙwayoyi farare da ake yi da rogo. To a unguwanni da yawa masu kaza rufe shago suke gaba ɗaya, gidajen abinci ma wasu su cire nama sai bayan biki. Ku yi cefane kwana biyu ko uku kafin a shiga ku cika firji, in kuma ya ƙare muku ku nufi Batla House ko Zakir Nagar ko Nizamuddin ko wajen Jama Masjid, unguwannin musulmi ne galibi ana samu. Sannan don Allah in gidan haya kake kuma mai gidan yana ƙasa kana sama, kar ka ɗora suya da rana tsaka taga a buɗe ƙamshi na sauka musu suna azumi. Haƙurin kwana tara ne.

Akwai abin da ya faru da ni shekarata ta farko wanda har yau yana damuna. Rana ta takwas da safe matar mai gidanmu, dattijuwa ce Anti muke ce mata, ta ƙwanƙwasa ƙofa da faranti a hannu, puri, wani soyayyen burodi, da halwa mai zaƙi da baƙin wake na chana, tana ta fara'a. Ashe ranar ce suke tara ƙananan yara mata su wanke musu ƙafa su ciyar da su su ba su 'yan kuɗi, Kanya Puja suke cewa, sauran abincin sai a raba wa maƙwabta. Ni kuwa an riga an gaya min abincin da aka gabatar wa gunki ne, prasad, kawai na girgiza kai na ce a'a na tura ƙofa. Wallahi na ga yadda fuskar matar nan ta sauya, mako guda ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Rashin cin ba shi ne kuskurena ba, har gobe ba na ci, yadda na yi ne ba tarbiyya. Daga baya na sayi ayaba da tufa na sauka na zauna na yi mata bayani cewa addinina ne ya hana ni abin da aka yi bauta da shi, ba ƙyamarta nake ba. Da shekara ta zagayo sai ta aiko jikarta da kwalin alewa daga shago, tana jaddada min ba a kai shi gaban komai ba. Haka in za a shafa maka jan abu a goshi, ka dafa ƙirji ka ce shukriya, wato na gode, da murmushi, suna ganewa.

Masu jinya a asibitocin kudancin Delhi ku kula da CR Park, unguwar 'yan Bengal ce, su nasu bikin Durga Puja suke ce masa kuma kwana biyar na ƙarshe ne zafinsa. Manyan rumfuna suke kafawa da gora da yadi, pandal, wasu kamar fada, a ciki gunkin yumɓu an yi masa ado, ana kaɗa wata ƙatuwar ganga dhak, ana rawa da kasko mai hayaƙin ɓawon kwakwa da turare. A Kolkata, babban birnin 'yan Bengal na Indiya, cibiyar abin take, har UNESCO ta sa bikin can cikin jerin al'adun duniya a 2021, magina na unguwar Kumartuli wata da watanni suke yi suna ƙera gumakan, ranar ƙarshe kuma a kai su kogin Hooghly a nutsar. Daga la'asar hanyoyin CR Park sun cushe ke nan, in kana da ganin likita ka fita da sassafe ko ka bi metro.

Wanda zai tsaya kallo ya cire takalmi inda ya ga an cire, ya nemi izini kafin ya ɗau hoton mata, kuma kar a ɗau bidiyo ana dariya ana sakawa a TikTok da Hausa wai ba sa ji, abin addini a ƙasar nan ba ya da wuyar zama rigima kuma mu baƙi ne.

Daren Dussehra za ku ji ƙara kamar ta bindiga, kar hankalinku ya tashi, mutum-mutumin Ravana, wani mugun sarki a labarinsu, ake ƙonawa cike da abin fashewa na wasa. Bayan kwana 20 kuma Diwali ce, bikinsu na fitilu da wasan wuta, hayaƙinta ya fi wannan nesa ba kusa ba, mai asma ya tanadi maganinsa da takunkumi tun yanzu.