Mayafin ragar gaba a a-kori-kurar dizal: inda direbobi ke kuskure a sanyin Kanada

Direban da ya koyi mota a Kano ko Maraɗi, abu ɗaya aka cusa masa game da inji: zafi ne abokin gaba. Idonsa kullum na kan allurar zafin inji kada ta hau, galan ɗin ruwa na bayan kujera. Ranar da Allah ya kai shi Edmonton ko Winnipeg ya karɓi makullin a-kori-kura mai shan dizal, sai ya tarar lissafin ya juye. A watan Janairu, sanyi na kai digiri 30 ƙasa da sifili, sai ka yi tafiyar rabin awa allura ba ta ɗaga ba, hitar cikin mota na hura iska sama-sama, gilashi na kama ƙanƙara ta ciki. Shi ya sa za ka ga su Ford F-350 da Ram 2500 da Silverado an ɗaure musu baƙin mayafi na leda mai kauri a kan ragar gaba.

Injin dizal mai tsimin mai ne. In babu kaya a kansa ɗan kaɗan yake ƙonawa, zafin da yake bayarwa ma kaɗan ne, ga hita na jan rabonta, ga iskar hanya na kutsowa ta raga tana dukan jikinsa. Shi kuwa an ƙera shi ne ya yi aiki ruwansa na wajen digiri 85 zuwa 95. Ƙasa da haka mai ba ya ƙonewa sarai, hayaƙi ya yi yawa, wani ɓangaren dizal ya sulale ya gauraya da baƙin mai. Aikin mayafi ɗaya ne tak: rage iskar da ke shiga, domin zafin da inji ke samarwa ya zauna. Duk kurakuran da nake gani daga mantawa da wannan suke fitowa.

Sabon zuwa yakan ɗauki mayafin kamar bargo, ya zaci zai kwana yana ɗumama inji. Motar da ta kwana a waje a digiri 30 ƙasa da sifili, kafin asuba ƙarfenta ya yi daidai da sanyin gari, da mayafi ko babu. Abin da ke tayar da ita da safe hitar inji ce, wannan wayar da ke leƙowa ta gaban mota a jona ta da wutar gida. Wani mutumin jihar Dakota ta Arewa a Amurka mai suna Andrew Freeman ne ya yi rajistar irinta a 1949, kuma har yau wuraren ajiye motoci da yawa a Winnipeg akwai soket a gaban kowane gurbi. Awa uku zuwa huɗu kafin fita sun isa. Barinta a jone tun magariba ɓarnar wuta ce. Sayi ɗan agogon da ke kunna ta da kansa wajen ƙarfe uku na dare.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne na kwali. Mutum ya ga kuɗin mayafi, ya ce ai iska ce kawai za a tare, sai ya yanko kwalin talabijin ya cusa shi bayan raga, ya manne da lagireto, ya toshe ko'ina ruf. Na taɓa ganin an ciro irinsa a watan Maris: ya sha dusar ƙanƙara da gishirin titi, ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa, har ya zama kamar tuwo, gutsattsarinsa sun shige tsakanin siraran haƙarƙarin lagireto, sai da aka bi da iska da buroshi ana tsincewa.

Matsalar ta wuce ƙazanta. A bayan ragar nan ba lagireto kaɗai ke jiran iska ba. Akwai na'urar da ke sanyaya man giya, akwai ta iyakwandishan, kuma a motoci da yawa akwai intakula, wadda ke huce iskar da tobo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) ya matsa kafin ta shiga inji. Iskar da ta fito daga tobo tana iya wuce digiri 100 in an taka mota sosai. Ka toshe intakula, iskar ta shiga da zafinta, ƙarfin mota ya ragu, zafin hayaƙi ya hau, alhali allurar ruwa na nan daram tana nuna maka lafiya lau. Sai kuma fanka. In ka rufe ɓari ɗaya ka bar ɗaya, ko rabin sama ka bar rabin ƙasa, kowane reshen fanka zai riƙa faɗawa cikin iska yana fita a kowane zagaye, yana lanƙwashewa yana miƙewa sau dubbai a minti. A hankali ya tsage, kuma reshen da ya ɓalle lagireto yake nufa. Gyaran shi ne ka sayi mayafin da aka ɗinka domin samfurin motarka, wanda ke zama a wajen raga nesa da lagireto, mai ƙananan tagogi da ake buɗewa da rufewa. In tilas ta sa sai kwali, to a wajen raga, ka huda masa ƙofa a tsakiya daidai cibiyar fanka, kuma ka cire shi da zarar ka samu na gaske.

Daga nan sai masu ɗaura shi a Nuwamba su manta da shi sai Afrilu. Wannan ya fi ba ni tsoro a kudancin lardin Alberta, saboda iskar da ake kira Shinuk, mai gangarowa daga duwatsun Roki da ɗuminta. A Calgary tana iya ɗaga yanayi da digiri 20 cikin yini guda. Ka fita da safe a digiri 18 ƙasa da sifili mayafi a rufe, daidai ne. Da azahar ƙanƙara na narkewa a titi, kai kuma kana gudun kilomita 110 da hancin mota a toshe. Kamfanonin ma ba su bar mu a duhu ba. Littafin motocin kamfanin GM, irin su Silverado, masu injin dizal na Duramax ya ce mayafin na tsananin sanyi ne, ƙasa da digiri 18 ƙasa da sifili, a cire shi in gari zai haura sifili, kuma kada a ja tirela da shi. Na Ram mai injin Cummins ya yarda a ɗaura daga sifili zuwa ƙasa, amma tagogi a buɗe, sai sanyi ya tsananta a rufe su. Tunda ƙa'idar ta bambanta, littafin motarka za ka bi, ba abin da ka ga maƙwabci ya yi ba. Maganar tirela kuwa ba ta da sassauci a wurina: in ka ɗaura kaya mai nauyi ko za ka hau tudu irin na Rogers Pass, tsaya a gefe ka kwance mayafin, minti biyu ne. Giya ce ke fara dahuwa, ita kuma ba ta kuka sai ta gama lalacewa.

Kunnenka ma ma'auni ne. In ka ji fanka ta kama da ruri kamar jirgi alhali gari na daskare, inji na roƙon iska ne, buɗe tagogi. Yawancin motocin yanzu suna nuna zafin man giya da na baƙin mai da lamba a allon gaban direba. Saba da duba su, domin allurar ruwa takan tsaya a tsakiya ko da zafi na hawa da sauka.

Akwai wanda motarsa ba ta ɗaukar zafi ko a digiri 5 ƙasa da sifili, sai ya ce mayafi ne magani. Sau da yawa tamostat, 'yar ƙofar da ke tsare ruwa a inji har sai ya yi zafi, ita ce ta maƙale a buɗe, ruwa na zagaya lagireto ba tsayawa. A gida mun saba bakanike ya cire ta ya jefar da sunan maganin obahitin, a cika lagireto da ruwan rijiya. Wannan ɗabi'a, don Allah, a bar ta a filin jirgi. Canza tamostat, ka sa ruwan lagireto rabi da rabi da maganin daskarewa, wanda ke jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Kada ka zuba maganin zalla da tunanin ya fi ƙarfi, shi kaɗai tun wajen digiri 13 ƙasa da sifili yake daskarewa.

Barin mota a silo na awa guda don ta yi zafi shi ma asara ce. Dizal a silo ba ya zafi, toka kawai yake tarawa a matatar hayaƙin da aka fara sa wa waɗannan motoci tun 2007, har ta toshe. Minti uku zuwa biyar, sai ka ja a hankali. Tafiya ce ke kawo zafi, mayafi ya riƙe shi.

Tankin mai kuma yana can ƙarƙashin mota inda mayafi bai isa ba. Dizal ɗin da aka sha a lokacin zafi yana da kakin da ke daskarewa ya toshe filta. Sha na lokacin sanyi a gidan mai mai ciniki, ka zuba maganin hana kaki kafin man ya kama, ka ajiye filta ɗaya a mota.

Wajen ɗaurawa, yi a cikin gareji ko ranar da gari ya ɗan saki, domin ledar kan sandare a sanyi, maɓallanta su ƙi shiga ko su karye. Duba kada ka rufe kyamarar gaba ko na'urar da ke auna tazarar motar da ke gabanka, in motarka na da su a jikin raga. Wayar hitar inji kuma ka fito da kanta waje tun kafin ka ɗaure maɓalli na ƙarshe, don kada ka tsinci kanka da dare kana lalube da yatsun da sanyi ya kashe.