Yadda Ake Auna Alkilrisosinol a Ƙwayar Hatsin Rai

Alkilrisosinol sinadari ne mai maiƙo, yana zaune ne a fatar ƙwayar hatsin rai (rye, dangin alkama), wato ɓangaren dusa, don haka ba dole sai an niƙa ba.

1. Auna giram 1 na ƙwaya. Ware wani kaso daban ka busar a tanda don sanin yawan danshi, domin da nauyin busasshen hatsi ake lissafi.
2. Zuba wa giram 1 ɗin mililita 40 na etil asitet, wato ruwan sinadari mai narkar da maiƙo, ka toshe kwalbar sosai, a yi ta girgizawa awa 24. Idan murfin bai kama ba, ruwan zai tsere, sakamakon ya haura gaskiya.
3. Tace, ka ɗibi kaɗan ka busar da iskar naitirojin.
4. Ƙara mililita 2 na rinin Fast Blue RR mai ƙarfin 0.05% cikin metanol, da maikirolita 10 na fotasiyam kabonet 10%. A ranar za ka haɗa rinin. Wanda ya kwana ba abin yarda ba ne.
5. Bayan minti 20, karanta launin da na'urar auna haske a tsawon zangon haske na nanomita 480, ka gwada da ma'aunin olibetol, wato sinadari ɗan'uwan alkilrisosinol da aka san yawansa.

Jimilla kawai wannan hanya ke bayarwa. Mai son rarrabe nau'o'in alkilrisosinol, kamar C17:0 da C21:0, sai ya koma na'urar GC mai rarrabe sinadarai.